Duwatsun Bakin Rijiya

Bana azumi ya faɗo mana a tsakiyar bazara, Konni kuwa ta zama tanda. Kuran, wato wutar lantarki, yana zuwa ne kamar baƙo mai sauri, kafin ka shimfiɗa masa tabarma ya tafi, in ya tafi kuma famfo ma ya bi shi, ka buɗe ka ji yana huci babu ko ɗigo. Kasuwa ta yi sanyi tun da aka taɓa rufe iyakar Nijeriya. Manyan motocin da ke hana mu sakat da ƙara sun ragu, ƴan kabu-kabu na zaune bisa baburansu a gindin itacen bedi suna kallon juna. Ajin da aka fara ginawa a lakwal, makarantar bokon unguwarmu, ya tsaya iya taga, an ce kuɗin sun tafi wani wurin da ya fi gaggawa. A cikin wannan hali matar ɗana ta haihu, ga shi uwarta ba ta da rai, wankan jego ya dawo wuyana. Tun da safe nake fita ƙofar gida ina tarar ƴan garuwa, in shiga, in fito, in sake murɗa famfon da na san babu komai a cikinsa. Ɗana ya gaji da ni ya ce, “Inna, ki zamna hakanan, ruwa ba su ƙarewa duniya.” Na ce masa ya rufa mini baki, bai san abin da yake faɗa ba.

Ba zan iya zama ba, don na taɓa ganin irin wannan shekara. Azumi yawo yake yi, sai ya bi ta damina da ɗari kafin ya dawo bazara, mai tsawon rai kuwa yakan gamu da shi sau biyu a wuri ɗaya. Wancan karon ina da cikin fari. Na baro gidan mijina a nan Konni na tafi goyon ciki garinmu, wani ƙauye can bayan Tajaye, cikin kwari, tudun duwatsu na kallonsa daga nesa.

Na isa lokacin sanyi, na tarar garin yana rawar kai. Lokacin ne aka buɗe siyasa, jam'iyyu suka yi yawa har tsofaffi suka daina riƙe sunayensu, sai dai su ce masu tuta kaza. Kowace mota ta shigo da alkawarinta. Wanda ya fi shiga ran mutane shi ne na foraj: za a zo da inji a huda ƙasa, a ɗora shato, wato babban tankin ruwa, mata su riƙa murɗa famfo suna tara tulu. An kafa komite, aka ɗora babana a kai. Sunansa Mamman, amma daga ranar ba wanda ya sake kiransa da shi in ban da yayarsa, Gwaggo Hajo. Kowa Parzidan yake cewa, wato shugaba, wasu da girmamawa, wasu kuma ka ji a muryarsu akwai tsiya. Shi dai ya yarda da aikin nan har cikin ransa. Mutum ne da bai iya yin abu rabi-rabi ba, ni ma a wurinsa na gado.

Sharaɗin da aka gindaya shi ne gari ya tara rairayi da duwatsu, gwamnati ta kawo inji da siminti da ƙarfe. Aka kuma ce inji ɗaya ne, garuruwa da yawa, wanda ya riga cika tarinsa shi za a fara yi wa. Samari sun riga sun watse cin rani, wasu Nijeriya, wasu bakin teku. Tsofaffi da jakuna suka yi ta hawa tudu suna saukowa, tarin bai kai ba, ga labari ya zo cewa masu dubawa suna hanya. Nan ne babana ya kalli tsohuwar rijiyar gari ya ce, me za a yi da duwatsun bakinta bayan wata biyu?

Rijiyar nan kakanni suka haƙa. Cikin rairayi take, shi ya sa suka ɗaure wuyanta da duwatsu sassaƙaƙƙu, kowanne da mazauninsa, igiyar guga ta ci jikinsu har ta yi musu zane. Rana ɗaya aka kwashe na baki da sahun da ke ƙarƙashinsu, aka jera itace a gurbinsu, aka ce na wucin gadi ne. Ina tsaye da tuluna ina kallo, har da ni a masu guɗa. Gwaggo Hajo kaɗai ta tsuke baki ta ce, “Ku dai kun tuɓe ma tsohuwa zane.” Aka yi dariya, aka ce Hajo ba ta rabo da magana.

Masu dubawa suka zo, suka yaba, wani ya ɗauki jan fenti ya zagaye tarin da shi, alamar an karɓa, ya zama kayan gwamnati. Tarin a bayan gidanmu yake, ta kafar darni ina ganinsa. Inji ma ya zo, ba ƙarya. Ya yi kwanaki yana ruri, yara suka ƙi cin abinci a gida, aka yi miting, wani mai babbar riga ya ce kafin azumi za mu sha ruwan famfo. Sai wata safiya muka ji shiru. Aka ce gazuwal, man da injin ke sha, ya ƙare. Ma'aikatan suka zauna gindin gawo suna shan shayi, babbansu ya gaya wa babana cewa su kansu sun manta rabonsu da albashi. Daga baya suka naɗe kayansu, suka ce za su kai inji gyara su dawo. Suka bar mana guntun bututu a tsaye, an toshe bakinsa.

Rediyo kullum maganarsa ɗaya: baitulmali babu komai, ma'aikata na yajin aiki. Lakwal ta rufe, mushe, malamin makarantar garinmu, ya koma sayar da goro da sukari a kan tebur. Likitar da ke Tajaye, wato ɗakin shan magani, ita ma aka ce an sa mata kwaɗo. Babana yakan kasa kunne har a gama labarai, ya kashe rediyon, ya ce ai da an gama zaɓe komai zai daidaita.

Sanyi ya janye, zafi ya sauko gaba ɗaya, azumi ya kama. Iska ta tsaya cik. Da hantsi ƙasa ba ta takuwa, kaji na buɗe baki a ƙarƙashin rumbu, in ka taɓa kwanon sha sai ka sake shi. Hatsi ma ba yawa a shekarar, fura ta koma ruwa-ruwa, Inna, mahaifiyata, tana auna gero tana mayar da kaɗan cikin ƙwarya tana tsammanin ba na gani. Amma yunwa ba ta dame mu kamar rijiya ba. Itacen da aka jera bai riƙe komai ba. Kowane ja na guga sai rairayi ya zuba, shanun makiyaya suka zo suka tattake gefen, wata rana da la'asar ɓangare guda ya rufta ciki, Allah ya sa ba kowa a kai. Daga nan sai guga ta riƙa fitowa da laka. A tace, a jira ta kwanta, a samu abin jiƙa maƙoshi.

Mata suka koma rijiyar wani gari, can bayan tudu. Ana sallar asuba su fita da jakuna da tuluna, su tarar da layi, masu rijiya su fara ɗiba tukuna, su dawo rana ta take, leɓɓansu sun tsage, ga azumi a baki. Inna da Gwaggo kullum suna cikinsu. Ni an hana ni, cikina ya tsufa. Sai in zauna in tashi, in share tsakar gidan da na riga na share, in leƙa hanya. Ban taɓa jin kaina ba ni da amfani kamar lokacin ba. In sun dawo, ruwan nan a kasa shi: na sha, na girki, na awaki, abin da ya rage na alwala. Wanki kuwa an manta da shi.

Kowa ya san maganin abin. A mayar da duwatsu, a ɗaure wuyan rijiya, a yashe ta. Ɗebo wasu daga tudu ba zai yi ba, jakuna sun rame kuma duk suna kan ruwa, ga shi dutsen da ba a sassaƙa ba ba ya zama a kewayen rijiya. Amma duwatsun suna cikin jan fenti. Gari ya rabu biyu a kansu. Ƴan ɓangaren babana suka ce wanda ya taɓa su ya kashe mana foraj, don masu aikin suna dawowa, in suka ga tari ya watse za su wuce gari na gaba. Ɗaya ɓangaren suka ce inji ya tafi kenan. Maganar ruwa ta koma maganar tuta, har aka samu waɗanda suka daina gaisawa bayan sallar asham. Babana kuwa ya ɗauki buzunsa ya koma gindin tarin. Can yake wuni da carbi, yana korar yara da awaki.

Abin da ke cin mata a gidanmu ba wanda ya faɗe shi a fili. Mai jego sai an dafa mata ruwa a babbar tukunya safe da yamma har kwana arba'in, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa mata, ta sha kunun kanwa, ta kwanta a gado mai wuta a ƙasa. In ba a yi ba, sanyi ya shige ta, ta kumbura, wata ta tafi kenan. Yanzu ƴan likita suna cewa a rage zafin ruwan, a rage kanwa, ni ma ina sassauta wa matar ɗana. Amma a lokacin wannan shi ne abin da muka sani, kuma kowa a garin yana iya kiran sunan wata da aka ce rashin wanka ya kashe. Ina ganin Gwaggo tana kallon cikina, ta kalli randa, ta kau da kai.

Na haihu ana tsakiyar azumi, da hantsi, ɗiya mace. Kwanakin farko an yi ƙoƙari. Maƙwabta suka riƙa aiko da ƙwarya-ƙwarya, Inna ta koma yin taimama don a tara mini nata. Duk da haka tukunyar ba ta cika ko rabi. Gwaggo ta riƙa wanke ni a tsaye cikin babban kwano, ta tare ruwan da ya zuba ta ba awaki. Daga wanka biyu aka koma ɗaya. Kafin suna ƙafafuna suka yi nauyi, zazzaɓi ya riƙa zuwa da yamma. Wata safiya Gwaggo ta danna ƙaurina da babban yatsa, ta ɗaga, gurbin ya tsaya bai tashi ba. Ta daɗe tana kallonsa. Na ji tsoro ƙwarai, ba don kaina kaɗai ba, ina tunanin wa zai shayar da jaririyar nan a shekarar da awaki ma ba su da nono.

Gwaggo ta miƙe. Ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki gammo, ta fita. Ran nan ba ta bi masu jakuna ba, gida-gida ta shiga. Na ja jiki zuwa kafar darni. Can sai ga ta ta nufo tarin, mata na biye da ita, kowace da gammonta, har da matan waɗanda ba sa ga maciji da babana, har da na ɓangarensa. Inna ce a ƙarshe, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Babana ya miƙe, ya hau tarin ya zauna a kai.

Gwaggo ta ce, “Mamman, tashi.”

Ya ce, “Yaya, kayan gwamnati na. Ba ki ga henti ba?”

“Na gani. Gwamnati ta haihu? Ita ad da jego?”

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, “Ku yi haƙuri kaɗan. An ce da an gama zaɓe suna dawowa. In sunka ishe tarin ga ya watse, shi kenan, mun yi asara, ɗiyanmu da jikokinmu suna ta jan guga har abada. Ba don kaina nika tsaron su ba.”

“Na sani ba don kanka na ba,” in ji Gwaggo, muryarta ta sauka. “Amma ɗiyakka ta kumbura. Na danna ƙahwa tata, wurin bai tashi ba. Kai ka san mi ka biyo bayan wanga, kai ka gina kushewar matar Ɗan Bako. In jiran inji za ka yi, sai ka hwaɗa min yanzu, in koma in zamna kusa gare ta, kar ta tahi babu kowa.”

Ni ce ƴar farinsa, don haka tun da na haihu bai leƙo ɗakin ba, bai tambaya ba, kunya ba ta bari. Ina tsammanin sai a lokacin ya ji. Ya juya ya kalli gidanmu. Na san ba ya ganina, amma na janye fuskata daga darnin. Da na sake leƙawa yana nan zaune, carbin ya tsaya a hannunsa, rana na dukan kansa. Ni dai na ji kamar in fita in ce masa ya bar shi, zan warke haka nan, don na san abin da aikin nan yake a wurinsa.

Ya sauko a hankali. Ya naɗe buzunsa ya ajiye gefe, ya tuɓe babbar rigarsa. Ya zagaya tarin yana dubawa har ya sami wani dutse mai zanen igiya, ya cicciɓe shi. Gwaggo ta miƙa masa gammonta, ya ƙi karɓa. Haka ya ɗora shi a kafaɗa ya nufi rijiya, mata suka bi shi kowace da nata.

Aikin ya ci kwanaki. Tsofaffin da suka san yadda duwatsun ke zaune suka riƙa gardama a kan wanne ke bin wanne. Da sanyin safiya ake sauka yasa, ana fitar da rairayi a kwando, in rana ta ɗaga a dakata, a koma bayan la'asar. Babana na cikin masu sauka, da azuminsa, ya fito jikinsa duk laka, idanunsa sun faɗa. Waɗanda suka daina gaisawa suka riƙe igiya ɗaya, ko da yake ban ji an ce sun gaisa ba. A cikin kwanakin aka yi suna, mijina ya zo daga Konni da rago ramamme, ya kwana biyu yana jan kwando ya koma. Kafin nan matan gari sun ɗauke wa Gwaggo ɗibar ruwa, kowace in ta dawo daga bayan tudu sai ta biyo ta gidanmu ta tsiyaya wani abu a tukunya.

Ranar da ruwa ya dawo, ja ne, yana warin laka. Gwaggo ba ta jira ya kwanta ba. Ta cika tukunyar har baki, ta hura mata wuta da kara, ta tsoma ganyen sabara. Da ta fara fyaɗa mini na yi ihu, ta ce, “Yi ta yi, wanda ka kuwwa da rai shi kai.” Ban sani ba ko wankan ne, ko Allah ne dai ya sa da sauran kwana, kumburin ya fara sauka.

Bayan salla da ƴan kwanaki sai ga mota. Wani saurayi ne ya fito, siriri, rigarsa ta koɗe, ba cikin waɗanda suka zo da farko ba. Ya tsaya a inda tarin yake, ya kalli guntun fentin da ya rage a kan ƴan duwatsun tudu, ya tambayi wanda ya ba da izni. Mutane sun taru. Babana ya matso ya ce, “Ni na.”

Saurayin bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, “To Parzidan, ka san inji guda na, garuruwa da yawa suna jira da tarinsu cikakke. Ni abin da na gani shi zan hwaɗi.” Babana ya ce haka ne. Kafin su tafi direban ya roƙi ruwa, motarsu ta yi zafi, aka ɗebo masa a rijiyar ya zuba.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba magana ta juya. Ina cikin ɗaki ina jin su ta bayan darni. Waɗanda suka ce a bar duwatsu suka ce ai sun faɗa. Waɗanda suka ɗauki duwatsun da kansu suka ce da Parzidan ya ƙara haƙuri kaɗan, ga shi ashe suna tafe. Wani, na gane muryarsa kuma har yau ban yafe masa ba, ya ce, “Don wankan ɗiya tai ya hana gari hwamfo.” Ina rungume da jaririyata na yi kuka har nono ya jiƙa mini zane. Babana bai sake zuwa miting ba, sunan Parzidan kuma ya zama abin da yara ke faɗa in ya wuce.

Da yammacin ranar Gwaggo tana juye mini ruwa a bayan ɗaki, tururi ya cika wurin, sai muka ji takun mutum ya tsaya a bayan darni. Ya yi gyaran murya, na gane babana ne.

“Yaya, ruwan sun isa?”

Gwaggo ta ce, “Sun isa.”

Ya ce, “To a cika mata. Kar a rage.”

Inji bai dawo garinmu ba. Wasu sun ce garin da ke gaba da mu ma guntun bututu kawai suka samu, wasu sun ce a'a, su an gama musu bayan shekaru. Na sha niyyar in je in gani da idona, ban taɓa iyawa ba. Har yau ban san ko da famfon zai zo ba in da an bar duwatsun nan. Babana ma ya rasu bai sani ba.